Ga Mai Son Waƙarsa Ta Ratsa Zuciya: Abin Koyi Daga Kuntigin Ɗan Maraya

Tambayar da matasan mawaƙa suka fi yi mini a Jos guda ce, daga yaran Gangare da Unguwar Rogo masu tara kuɗin shiga situdiyo har zuwa 'yan ƙungiyar mawaƙan coci a Tudun Wada da Bukuru: yaya zan yi muryata ta taɓa mutane? Idan na matsa musu, sai in gane abin da suke nema wata dabara ce ta maƙogwaro. Wani yana son ya iya karkarwar murya, wani shessheƙa, wata kuma tana son ta iya jan wasali har numfashinta ya ƙare. Duk waɗannan ana koyonsu, kuma ba su da wuya. Sai dai mai sauraro ba ya zubar da hawaye don ya ji kana kuka. Yana zubarwa ne idan ya gane wani a cikin waƙar: uwarsa, ko matar da ya saki yana nadama, ko shi kansa a ranar da ba ya son tunawa. Aikinka, ƙanena, shi ne ka kawo masa wannan mutum har gabansa, sannan ka matsa gefe.

Ba sai mun je nesa neman malami ba. Garin nan ya yi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Iyayen biyu sun rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi, sunan maraicin kuma ya bi shi har kabari. Kayan aikinsa kuntigi: gwangwani da aka rufe da fata, da ɗan sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Ba 'yan amshi, ba tawagar makaɗa, ba abin da zai ɓuya a bayansa. Muryarsa ma ba irin wadda za a kira mai zaƙi ba ce a ma'aunin yaran yau. Siririya ce, a bushe, tana tafiya da sauri kamar mai ba da labari. Da wannan ɗan guziri ya zaga duniya, ya karɓi lambobin girma na ƙasa da lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuma har gobe idan aka saka waƙarsa Jawabin Aure a cikin mota, za ka ga dattijo ya yi tsit yana kallon taga.

Ka duba waɗanda ya zaɓa ya yi wa waƙa. A zamanin da manyan makaɗa ke bin fada da ƙofar attajirai, shi karen mota ya ɗauka, yaron da ke kwana a kan kaya, mai saka wa taya waigi, mai shan zagin direba. Ya yi wa lebura, ya yi wa yarinyar da aka yi wa auren dole, ya yi Mai Akwai da Babu. Bai tsaya yana cewa talauci da ciwo ba. Ya san abin da mutumin ke sawa, da abin da yake ci, da irin maganar da ake gaya masa. To, nan za ka fara. Kafin ka rubuta ɗango ɗaya, ka tambayi kanka: wa nake yi wa waƙar nan, kuma da wa yake magana? Idan amsarka ita ce "masoya" ko "al'umma" ko "matasa", ba ka shirya ba tukuna. Mutum ɗaya nake nufi, mai fuska da sana'a da unguwa, ko da ba za ka taɓa ambatar sunansa ba.

A ce waƙar uwa za ka yi, tunda kowane mawaƙi sai ya yi ta. Yawancin waɗanda nake ji kalmominsu ɗaya ne: ta ɗauki cikina wata tara, ta shayar da ni, ba zan iya biyanta ba. Gaskiya ne duka, amma gaskiyar kowa ce, don haka ba ta kama kowa. Ka koma ka tuna taka uwar. Wataƙila tun asuba take fita kasuwar Farin Gada sarin kabeji da karas a cikin sanyin Disamba, tafin hannunta duk ya tsage. Wataƙila ita ce mai cewa ta ƙoshi a daren da tuwon bai isa ba. Saka wannan a waƙa, za ka ga muryarka ta sauya da kanta tun kafin ka umarce ta, domin kana ganin abin da kake faɗi. Kuma abin mamaki, wanda uwarsa ba ta taɓa taka Farin Gada ba shi ma tasa zai gani.

Wannan ya fi nauyi ga masu waƙar zaman lafiya, waɗanda Jos ba ta rasa su. Tun rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, an yi waƙoƙin "mu zauna lafiya" ba adadi, kuma kaɗan ne suka zauna a bakin mutane. A ganina dalilin shi ne an yi su da harshen taron ƙara wa juna sani. Alhali kusan duk wanda ya manyanta a garin nan yana da maƙwabcin da suke musayar abincin Sallah da na Kirsimeti, wanda ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa, yau sai dai a haɗu a Terminus a gaisa a tsaitsaye. Yi wa wannan maƙwabcin waƙa. Kada ka nemi mai laifi a cikinta, kada ka lissafa gawa. Raunin bai gama warkewa ba, kuma mawaƙin da ya sosa shi don neman tafi ya yi ɓarna. Kewar mutum ɗaya ta isa ta ɗauki waƙa.

Bayan ka samu kalmomi, kada ka yi gaggawar rera su. Faɗe su tukuna da bakinka, kamar kana magana da mutumin yana zaune a gabanka. Yi haka har sai ka ji inda muryarka ke hawa da inda take sauka, inda kake tsayawa, da kalmar da kake dannawa. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogayen wasula da gajeru, ma'ana kuma a kansu take tafiya; wanda ya ja wasalin farko na "gari" ya bar birni ya koma wurin niƙa. Tsofaffin mawaƙa daga magana suke ciro karin waƙa, shi ya sa za ka ji kowace kalma ta Ɗan Maraya ko ta Shata ba tare da ka kasa kunne ba. Yau an juya abin. Mai fiyano ya buga kiɗa ya ajiye, mawaƙi ya zo yana cusa kalmomi a ciki da ƙarfi, gaɓa mai nauyi ta faɗa gurbin mara nauyi, a miƙe gajeren wasali don a cike mazauni. Mai sauraro ba zai iya gaya maka abin da ya faru ba, zai dai ji maganar ba ta fito daga cikin mutum ba. Idan kalma da kiɗa suka yi karo, a gyara kiɗan ko a sake kalmar. Kada a karya ta.

Yanzu ga abin da ya fi wa matasa wuyar karɓa: riƙe kai. Saurari Auren Dole da kyau. Batun mai ɗaci ne, amma Ɗan Maraya bai yi kukan ƙarya a ciki ba. Yana ba da labari ne, wani wurin ma da ɗan barkwanci, kuma daidai wannan natsuwar ce ke sa abin ya yi maka nauyi a ƙirji. A Gulma Wuya ma haka, yakan ari bakin mutanen labarin, ya yi maganar wannan ya yi ta wancan, ya bar ka kai ka yanke hukunci. Mun sani a zaman makoki, mai birgima yana ihu ba shi ke karya zuciyar jama'a ba. Wanda ke ƙoƙarin amsa gaisuwa muryarsa tana neman ƙwacewa yana danne ta, shi ke sa kowa sunkuyar da kai. Haka za ka yi da waƙa. Zaɓi wuri ɗaya, ko biyu in ta yi tsawo, inda za ka bar muryar ta ɗan tsage. Sauran wuraren ka riƙe ta. Idan tun ɗangon farko ka zuba duk abin da kake da shi, me za ka ba mu a na huɗu?

Maimaici ma makami ne, in an san riƙonsa. Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ta fara ne da karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinta limamin ƙauye, shi ya sa furucinta ba ya ɓata harafi. A wasannin da take yi daren Alhamis ɗin farkon wata, waɗanda rediyon Masar ke watsawa kai tsaye, takan ɗauki layi ɗaya ta yi ta maimaita shi, kowane karo da wata fuska: yanzu roƙo, an jima zargi, can kuma saduda. Waƙa ɗaya takan kai sa'a guda ba a gaji ba. Gwada wannan a ɗakinka. Ɗauki layi ɗaya daga waƙarka, rera shi kamar mai neman gafara, sake rera shi kamar wanda aka ci amanarsa, sannan kamar wanda ya riga ya haƙura. Ɗauki kowanne a waya ka saurara. Sau da yawa na ƙarshen ne ke kashe jiki, kuma shi ne wanda ba za ka fara tunaninsa ba.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da numfashi. Mawaƙin da iska ke ƙare masa a tsakiyar layi hankalinsa na kan huhunsa, ba ya kan wanda yake yi wa waƙa. Kwanta rigingine, ɗora littafi a kan cikinka, ja iska ta hanci har littafin ya ɗaga, kafaɗunka ba su motsa ba. Sake ta a hankali ta tsakanin haƙora kana ƙirga a zuci, kullum kana ɗan ƙara tsawon. Minti goma da safe ya wadatar. In ka saba a kwance, koma yi a tsaye. Sannan ɗauki takardar waƙarka ka sa alama a duk inda za ka ja numfashi, kuma ya zama inda mai magana zai tsaya ne, kada ka raba kalma da abokiyar tafiyarta. Wani lokaci jan numfashin da aka ji shi a fili kafin kalma mai nauyi ya fi kalmar kanta aiki, don haka kada ka bari mai haɗa sauti ya goge su duka da sunan tsabta.

Sai matakin murya. Da yawa daga cikin samarinmu suna waƙa a sama da inda Allah ya ajiye muryarsu, don kawai wanda suke so a can yake yi. Sakamakon shi ne jijiyar wuya a miƙe, da sauti matsattse. Nemi mai fiyano ya sauke maka waƙar mataki ɗaya ko biyu, ka sake gwadawa. Inda za ka iya rera ta a hankali ba tare da ta shaƙe ba, kuma ka iya ɗaga ta ba tare da ihu ba, nan ne gidanka. 'Yan mata kuma, ku ji wannan: ba dole ba ne kowace murya ta zama siririya kamar ta fina-finan Indiya. Iyayenmu sun so Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi ba tare da sun ji Indiyanci ba, gaskiya ne, amma abin da ya kama su shi ne mutanen nan suna nufin abin da suke rerawa. Kwaikwayon sirantar kawai ɗaukar ɓawo ne. Barmani Choge ta Funtuwa da kakkaurar muryarta da kiɗan ƙwarya ta riƙe matan Arewa har ta rasu a 2013.

A nan zan ɗan ratse, don akwai abin da ke damuna. Na sha jin yaran Jos suna murɗa harshe a situdiyo don su yi Hausar Kano, wai kada a yi musu dariya. Gyara nahawu abu ne mai kyau, kuma in ka ce "ya" a inda ake cewa "ta" za a ji. Amma lafazin da ka tashi da shi, wanda kake yin fushi da addu'a da shi, shi ne wanda zuciyarka ta sani. Jeremiah Gyang da Hausarsa ta Filato ya yi Na Ba Ka, ta zaga ƙasar nan har wurin waɗanda ba su jin ko "sannu". Panam Percy Paul ya shafe shekaru da dama a garin nan yana sa manyan mutane kuka a wurin ibada, kuma duk wanda ya saurare shi ya san ba ya hanzari, ba ya haɗiye kalma. Wanda kuma harshen uwarsa Birom ne ko Ngas ko Afizere, idan ya zo wurin da ya fi masa ciwo a waƙa ya ji Hausa ko Turanci sun gaza, ya faɗe shi da harshen gida. Za mu gane.

Ranar shiga situdiyo, je da waƙar a ka. Mai karantawa daga waya idonsa ke aiki, kuma ana jin haka a murya. Roƙi a bar ka ka rera ta daga farko har ƙarshe sau biyu ko uku kafin a fara yanka ta layi-layi, domin shauƙi taruwa yake yi, ba ya zuwa a gutsure. In cunkoson abokai a ɗakin yana sa ka jin nauyi, sallame su. A wurin da za ka sassauta, matso kusa da makirfo kamar tafin hannu ɗaya. In za ka ɗaga, ja baya kaɗan. Game da Auto-Tune kuwa, ba na cikin masu tsine masa. Tun 1997 yake, an ƙirƙiro shi don gyara 'yar karkata, kuma yana da amfaninsa. Matsalar ita ce idan aka murɗa shi har ƙarshe yakan daidaita kowane sauti, ya share 'yar zamewar nan da rawar da murya ke yi tsakanin sauti da sauti, alhali a nan ne tausayi ke zaune. Ce wa mai haɗa sautin ya ba ka kwafi biyu, ɗaya da shi sosai, ɗaya an sassauta, ka saurara da ido rufe. Haka amsa-kuwwa: kaɗan tana ba murya sarari, mai yawa tana nisanta ka da mai sauraro. Kuɗinka ne, waƙarka ce, kana da ikon cewa a rage.

Mai aiki da 'yan amshi ko ƙungiya, nasa darasin na wurin Zumuntar Mata. Shiga kowane cocin COCIN ko ECWA ranar da mata ke da waƙa, ka ga yadda mai bayarwa ke jefa layi, sauran su karɓe, tukunya na bugawa a ƙasa. Yawancinsu ba su taɓa zama ajin kiɗa ba, amma sun yarda da abin da suke faɗi, kuma suna sauraron juna. Shata ma, wanda ya rasu a 1999, amshinsa gajere ne, yana dawowa kamar bugun zuciya, shi kuma yana yawo a kansa yadda ya ga dama. Ka sa amshinka ya zama abin da tsohuwa za ta iya kamawa a ji na biyu. A wurin biki kuma ka karanci zaure: waƙar rabuwa da gida tana da lokacinta, wajen fitar amarya, ba lokacin da ake tsakiyar liƙi ana neman canji ba.

Muryar kanta nama ce, tana gajiya. Hunturun Jos, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga sanyi ga bushewa ga ƙura, kuma daidai lokacin ne bukukuwa suka fi yawa. Riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi tun safe, kada ka jira sai za ka hau dandamali. Rufe hanci da wuya in za ka hau Keke da sassafe. Turara fuskarka da tururin ruwan zafi da dare. Shayin citta da kanumfari da zuma yana sanyaya maƙogwaro, amma ba ya maye gurbin barci da yin shiru. Kafin waƙa, ɗumama murya da gunji a hankali baki rufe, daga ƙasa zuwa sama. Idan ta dushe, huta. Raɗa ma wahalar da ita take yi, gara ka yi magana ƙasa-ƙasa ko ka yi gum. Taba da shisha gaba suke da kai. Wanda ya ce maka maganin tari mai kodin na buɗe murya ko kawo shauƙi, ƙarya yake yi. Gwamnati ta hana shigo da shi da sarrafa shi tun 2018 saboda yaran da ya lalata. Dushewar da ta wuce mako uku kuwa ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, akwai su a asibitin koyarwa na JUTH. Kada ka kai wa wanzami ya cire maka beli.

In ka ga waƙar ta nuna, yi mata gwaji ɗaya kafin ka kashe kuɗin bidiyo. Ɗauke ta a waya da muryarka zalla, ba fiyano ba ganga. Kai wa wanda ba ya jin kunyarka kuma ba ya cikin masu yi maka kirari: gwaggonka, ko mai shayin bakin layinku. Kada ka tambaye shi ko ta yi daɗi, don zai ce ta yi. Bari ta ƙare, ka ce ya ba ka labarin da ya ji: wane ne a ciki, me ya same shi, da wa yake magana. In ya kawo labarin daidai, je ka biya kuɗin situdiyo. In ya ce "ai waƙar soyayya ce" ya tsaya nan, koma kan takardarka ka nemo ɗangon da mutumin ya ɓace a cikinsa, ka sake shi, ka dawo masa da ita bayan mako guda.